Amina Ɗaya, Alƙaluma Barkatai: Su Wa Ke Tsaye a Bayan Sarauniya?

Idan aka tattara duk abin da tsofaffin littattafanmu suka rubuta a kan Amina ta Zazzau, da ƙyar zai cika shafi guda. Amma a kan wannan ɗan shafin ne Najeriya ta buga kan sarki mai hotonta a 1975, aka kafa mutum-mutuminta a harabar Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas, aka sa wa kwalejin 'yan mata sunanta a Kaduna, aka sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. A kansa aka rubuta wasan kwaikwayo, aka zana littattafan labari cikin hoto, aka yi fim ɗin da ya shiga Netflix. Yau yaro a Koriya ko Birazil zai iya zaɓar ta a wasan kwamfuta ya ci ƙasashe da tutarta.

Wanda ya jera waɗannan ayyuka ya dube su da kyau zai lura da abu guda. Kowane marubuci ya bar mata dokinta da takobinta da ganuwarta. Ba a nan suke saɓawa ba. Saɓanin yana kan mutanen da ake jerawa a bayanta: wa ya haife ta, wa ya koya mata riƙon mashi, ƙanwarta aminiya ce ko abokiyar gaba, akwai namiji a zuciyarta ko babu. Tuwon dai ɗaya ne, miya ce kowa ke sakewa, kuma a miyar ake gane hannun mai girki.

Maganar ta shafi Kano kai tsaye, musamman yankin da ya tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi Titin Gidan Zoo ya kewayo Tarauni, inda sana'ar ba da labari ta yi gida shekaru da dama. Amma kafin mu isa can, bari mu fara da abin da magabata suka bari.

Shafin da aka gina komai a kai

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi. Cikin bayanin ƙasashen Hausa ya kawo Amina a matsayin 'yar sarkin Zazzau wadda ta yaƙi ƙasashen nan ta rinjaye su, har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta kuma rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Bello bai ba ta miji ba, bai ba ta ƙanwa ba, bai ambaci sunan ko barde ɗaya daga rundunarta ba. Abin da ke gabansa shi ne bayyana dalilin da ya sa ƙasar Zazzau ta fi sauran ƙasashen Hausa faɗi, kuma Amina ce amsarsa.

Madogara ta biyu tamu ce ta Kano: littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, daga baya ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shi ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda Baƙon Damisa, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, a zamaninta kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Ga abin lura: marubucin Kano ya ce garuruwa sun kai mata haraji, ya kira Kwararrafa da Nufe da suna, bai kira garinsu ba. Bello kuwa daga can yamma ya kira Kano ɓaro-ɓaro. A ganina wannan ne gyaran fuska na farko da aka yi wa labarin, kuma tun a nan ba Amina aka taɓa ba, na kusa da ita aka taɓa.

Sai kuma rikicin zamani. Jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa Turunku, mai haihuwar Amina a ruwayar baka, a 1536, kuma sunan Amina ba ya cikin jerin. Masana da suka bi wannan hanya sukan sa mulkinta daga 1576 zuwa 1610, bayan Sarki Karama. Tsakanin lissafin Kano da na Zazzau akwai fiye da shekara ɗari.

Iyalin da muka saba ji, daga baka suka zo, sannan aka rubuta su, musamman a ɗan littafin nan Amina Sarauniyar Zazzau da aka buga a Zariya a 1954. Kuma ko a bakin ba a daidaita ba. Bakwa a wasu ruwayoyi mace ce, a wasu namiji. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Idan Bakwa uwa ce, to Amina ta taso a gidan da mace ke zama a gadon sarauta, ta ga uwarta ana faɗuwa ana gaishe ta, ba sabon abu ta zo da shi ba, gado ta ɗauka, irin wanda ake ba da labari a kan magajiyoyin Daura. Idan kuwa Bakwa uba ne, labarin ya zama na 'ya mace da ke fafutukar nuna wa mahaifi da fadawansa cewa ita ma ta isa. Na farko yana cewa ƙasar ta saba da mulkin mata. Na biyu yana cewa Amina ita kaɗai ce ta fita zakka. Da sauya jinsin mutum ɗaya an sauya hukuncin da ake yanke wa al'umma gaba ɗaya.

Haka Zariya, ƙanwar da aka ce birnin ya ci sunanta. Haka Karama, wanda ta yi wa jagorancin mayaƙa kafin sarauta ta zo hannunta. Sannan ga labarin da ya fi kowane yawo: wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa a kashe shi. Babu wannan a wurin Bello, babu shi a Tarihin Kano. Irin labarin ne da ake liƙa wa mata masu iko a ƙasashe da dama, domin a nuna cewa macen da ta riƙe takobi dole ta rasa wani abu na mutuntaka. Ni ban yarda da shi ba, kuma yana ba ni takaici yadda ya zama abin da ɗalibai suka fi riƙewa game da ita.

Yadda Amurkawa suka yi da tasu

A Amurka wannan sake-saken sana'a ce mai tsari, domin kamfani ke mallakar jarumi, marubuta kuwa zuwa suke su tafi. Dubi Wonder Woman, sadaukiyar kamfanin DC. William Moulton Marston da mai zane H. G. Peter suka ƙirƙiro ta a 1941: gimbiyar wani tsibiri na mata zalla, wadda uwarta ta gina ta da yumɓu alloli suka hura mata rai. Marston ya ajiye mata sojan sama, Steve Trevor, wanda sau da yawa ita ke ceto shi, da ƙawa mai ƙiba mai barkwanci da ƙarfin hali, Etta Candy, wadda ke jagorantar gungun ɗalibai mata. Bayan rasuwar Marston a 1947, Robert Kanigher ya karɓi alƙalami, labarin ya karkata ga soyayya, Etta da ƙawayenta suka ja baya. A 1968 Denny O'Neil da Mike Sekowsky suka ƙwace mata ƙarfinta, suka buɗe mata kantin tufafi, suka haɗa ta da wani makahon dattijo mai koya mata faɗa. Mata masu fafutuka suka yi ca, Gloria Steinem ta sa ta a bangon mujallar Ms. a 1972, ba a jima ba aka mayar mata da ƙarfinta.

George Pérez ya zo a 1987 ya tsufar da Steve, ya cire shi daga sahun masoya, daga ƙarshe ma Etta ya aura. A madadinsa ya sa wata farfesa, Julia Kapatelis, da 'yarta, suka zama dangin jarumar a duniyar mutane. A 2011 Brian Azzarello ya soke labarin yumɓu ya ce 'yar Zeus ce. Wannan daidai yake da rikicinmu na Bakwa: macen da ƙarfinta ya fito daga uwa da 'yan uwa mata, rana ɗaya aka ce daga uba ya fito. Masu karatu da yawa sun ji zafin wannan fiye da duk wani sauyin kaya ko makami.

Amina a hannun masu zane

A 2017 Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika: Warrior Queen ƙarƙashin kamfaninsa YouNeek Studios, Chima Kalu ya yi zanen. Okupe bai ɓoye cewa daga Amina ya samo ta ba, kuma sunan daular, Azzaz, ya isa shaida. Ya bi lissafin ƙarni na 15, wato ya fi kusa da Tarihin Kano. Malika ta gaji uba, gadon ya raba ƙasa biyu, ta yi yaƙin basasa ta haɗe ta, ta faɗaɗa ta, sannan maƙiya suka taso mata daga cikin majalisarta.

Dubi waɗanda ya jera mata. 'Yar uwa tana nan, amma ba Zariya mai biyayya ba ce: Nadia ce, wadda sarauta ta kuɓuce mata ta zama babbar abokiyar gaba. Namiji yana nan, amma ba wanda za a yanka da asuba ba: Bass Kazaar ne, sarkin maƙwabciyar ƙasa Atala, masoyi kuma abokin yaƙi mai iko da iska. Takobin ma na sihiri ne. Babban maƙiyi daga waje kuwa ba Kwararrafa ba ce, ba Nufe ba, daular Ming ce ta ƙasar Sin. A tarihi jiragen ruwan Ming ƙarƙashin Zheng He sun kai gaɓar Afirka ta Gabas a farkon ƙarni na 15, wuraren Mogadishu da Malindi, ba su zo yammacin Afirka ba. Okupe ya jawo su nan ne don yana son daular Afirka ta kara da babbar daular duniya ta wancan zamani a yi kare jini biri jini. Manufarsa a fili take, kuma na yaba masa: yana son yaro baƙar fata a Washington ko Landan ya ga kakanninsa a matsayin manya. A 2019 aka yi ɗan gajeren katun na labarin, Adesua Etomi ta ba Malika murya, sannan kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake buga littafin a 2021. A ci gaban labarin ma an ɗauko Malika an kawo ta zamanin yau, cikin sauran jarumansa.

Sai dai Bahaushe da ya buɗe littafin ba zai ji ƙamshin gida sosai ba. Babu laifi a kan Okupe, ai Azzaz ya ce, bai ce Zazzau ba. Ya ɗauki abin da yake buƙata ya bar saura.

Fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Okechukwu Ogunjiofor ya shirya, shi ya kira ta da sunanta. Ya fito a Netflix a Nuwamban 2021, ya shiga jerin goma na sama a duniya, ya kuma lashe kyautar fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022. Lucy Ameh ce Amina. A nan Bakwa namiji ne, sarki uba. Madaki, wanda Magaji Mijinyawa ya hau, shi ne mai cewa mace ba ta shiga runduna, kuma shi ne mai ƙulle-ƙulle. Clarion Chukwura ta fito a bokanya mai hangen abin da zai zo. Ali Nuhu ya fito a Danjuma, ɗan sarautar Igala da Amina ta kamu da sonsa. Ina ganin wannan Danjuma daga kalma ɗaya ta Bello ya tsiro, domin Atagara ana danganta ta da yankin Ida, ƙasar Igala. Daga wurin mutuwa aka ƙago masoyi.

Fim ɗin ya zaɓi Bakwa namiji da Madaki mai ƙin mata, don haka labarinsa shi ne na mace ɗaya tilo da ta fasa katangar maza. Wannan labari yana sayuwa a kasuwar duniya. Amma masu kallo da dama a Arewa sun koka, kan cewa da Ingilishi aka yi shi, kan tufafi, kan yanayin fada. Ƙorafin yana da tushe. Abin da na fi ji shi ne rashin matan fada masu iko a kewaye da ita, alhali sarautun mata irin su Magajiya da Iya tsofaffi ne a masarautun Hausa.

Wasannin kwamfuta kuwa sun share dangin gaba ɗaya. A Age of Empires III, ƙarin da aka yi a 2021 ya shigo da Hausawa, Amina ce jagorarsu. A Civilization VII na 2025 tana cikin shugabannin da ake zaɓa. Can ita kaɗai ce tsaye, ba uwa ba ƙanwa, sai lissafin zinariya da mayaƙa.

Daga Gadar Ɗangi zuwa Farm Centre

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya sauka daga Titin Zariya a Ɗangi ya shiga Titin Gidan Zoo da yamma, ya san abin da nake nufi. Benaye cike da ofisoshin 'yan fim, ɗakunan tace hoto, situdiyon waƙa da ake jin kiɗa na fitowa ta ƙofa, matasa zaune a kan babura ana jiran darakta. A irin waɗannan ɗakuna za ka tarar da yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai gaban kwamfuta yana haɗa fastar fim: ya yanko fuskar jaruma, ya gyara haske, ya sa wuta a bayanta, ya zaɓi rubutun da zai ja ido. Hannun da ya iya wannan ya kusa iya zana shafin labari. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ta tara marubuta da masu zane da masu sauti a 'yan unguwannin nan fiye da ko'ina a ƙasar Hausa.

Ka ƙarasa kasuwar waya ta Farm Centre a ƙaramar hukumar Tarauni, ko kowane shagon turi a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi. Mai shago na zaune da kwamfuta, igiyoyin waya sun yi masa rassa a kan tebur, yara da 'yan mata na miƙo waya ko memori. "Malam, akwai sabuwar fassara?" Ya juyo da allon ya nuna, a zaɓa, ya tura. Fassarar nan ta fina-finan Indiya da Amurka, wadda irin su Algaita suka yi suna a kanta, ita kanta sake rubutu ce. Masu fassarar sukan bar jarumi da jarumtarsa, amma abokinsa, da yaron mugu, da tsohuwar gida, sai a cika musu baki da karin magana da zancen majalisar Kano, har a laƙaba musu sunayen da mai fim ɗin bai taɓa ji ba. Wato dabarar da Pérez da Okupe suka yi aiki da ita, ta mallake labari ta hanyar na gefe, yaran Kano sun daɗe da iya ta.

Ga kuma marubuta mata. Garin da ya fitar da Balaraba Ramat Yakubu, wadda tun 1987 ta fara rubuta matan da ba sa sunkuyar da kai ga zalunci, yanzu cike yake da mata masu rubutu a waya, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana karanta shi da murya a YouTube. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da sababbi. A ɓangaren maza ga masu littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda suka saba da takobi da aljanu da sadaukai. Duk kayan aikin suna nan. Abin da ya hana littafin zane kafuwa a kasuwarmu a da shi ne tsadar buga launi a takarda, kuma waya ta rage wannan matsala ƙwarai.

To me ya sa har yanzu Amina da duniya ta sani daga Legas da Amurka ake zano ta? Wasu za su ce kuɗi. Wasu za su ce tsoron Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a Kano a 2001, ko tsoron a taɓa masarauta. Wasu kuma suna ganin jarumar littafin zane dole sai da matsattsun kaya irin na Amurka. Wannan na ƙarshe ba hujja ba ce ko kaɗan. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, mahaifin Dauda, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Jarumar da ke cikin sulke da lifidi a rufe take ruf, kuma ta fi kusa da gaskiyar tarihi. Mai zane ba ya buƙatar zuwa nesa neman samfuri, hawan sallah ya ishe shi.

Littafin nan namu ma ya ajiye labarin da babu wanda na ga ya taɓa. Ya ce Kananeji ya kai yaƙi Zazzau ya sauka a Turunku, Zazzagawa suka kore shi, ya dawo ya sake shiri, ya koma ya kashe sarkinsu. Idan aka bi lissafin Kano, Amina ta taso ne a ƙasar da Kanawa suka kashe wa sarki ba da daɗewa ba. A zamanin Dauda kuma wani babban ɗan sarauta, Dagaci, ya zo daga Barno da jama'arsa, har Dauda ya fita yaƙi ya bar masa riƙon gari. Ga Sarkin Nufe mai aiko da goro. Ga fataken da suka buɗe hanyar yamma. Ga maginan da suka ɗora ganuwa, da matan da suka ɗebo musu ruwa, da maƙeran da suka ƙera mata kayan yaƙi, da zabiyar da ke mata kirari. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɗauki babi. Marubuciya daga Tarauni za ta iya mai da Bakwa uwa, ta zauna ta rubuta abin da ke shiga tsakanin sarauniya da 'yarta mai taurin kai. Marubuci daga Gyaɗi-Gyaɗi zai iya ba da labarin ta bakin barden Kano da aka aika ya kai haraji yana haɗiye baƙin ciki. Ba sai an mai da ita waliyyiya ba: ta ci garuruwa, ta karɓi bayi, kuma labari mai gaskiya zai nuna waɗanda aka ci ɗin su ma.

Wonder Woman mallakar kamfani ce, wanda ya zana ta ya sayar ba izini zai haɗu da lauyoyi. Malika ta Okupe ce. Amina ba ta da mai ita, ba a neman izinin kowa kafin a rubuta ta. Kirana ga marubutanmu mata da maza, da matasan da ke haɗa fastoci a Titin Gidan Zoo, shi ne ku nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu ku karanta zamanin Kananeji da Dauda, ku je Turunku da Kufena ku ga wurin da idonku, ku zauna da masu tarihin fada a Zariya, sannan marubuci ɗaya da mai zane ɗaya su haɗu su fitar da shafi ashirin na farko, da Hausa, a waya.